Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Kashe Gandu, Wa Ya Raba Tukunya?

Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi muke sake kawowa a rubuce, don wanda ya tafi gona ko kasuwa a lokacin da aka watsa shirin ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, kuma mun sakaya. Ya ce mahaifinsu ya rasu bara bayan an gama kaka, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, maza biyar mata huɗu, shi ne kuma babba. Tun tasowarsu gandu ɗaya suke yi, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. To yanzu ƙannensa biyu sun tsaya kai da fata sai an raba gonaki, ɗaya ma ya ce sayar da rabonsa zai yi ya sayi babur ya tafi birni. A cikin gida kuma kowace mace ta kafa murhunta, har 'ya'yansa sun fara jin nauyin sa hannu a kwanon ƙaninsa. Ya tambaya: "Shin lalacewar zamani ce ta kawo wannan, ko kuwa mata ne suka shiga tsakaninmu? Kuma ina da ikon in hana rabon nan tunda ni ne babba?"

To Malam, da farko dai Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Tambayarka ba taka ce kai kaɗai ba. Da wuya wata ya fito ya faɗi ba mu sami irinta ba, daga Katsina ko Daura ko Zazzau, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Saboda haka zan ɗan tsawaita.

Bari mu fara da sanin mene ne gandun nan, don yaran yanzu da yawa sunansa kawai suke ji. Gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa maza, ko tsakanin wa da ƙannensa, ko da ba a taɓa rubuta ta a takarda ba. 'Ya'ya za su yi wa gida aiki a babbar gona tun daga safe har zuwa azahar, a wasu wurare kwana huɗu a mako, a wasu biyar, ban da Juma'a. Da yamma kuma kowa ya wuce gayaunarsa, watau 'yar gonar da uba ya yanka masa, abin da ya samu a nan nasa ne, ba mai tambayarsa. Shi kuwa mai gandu akwai nauyi a kansa, kuma nauyi ne babba. Shi ke ciyar da kowa, shi ke ba da iri da fartanya da garma, shi ke biya wa kowane baligi haraji, shi ke yi wa yaro auren fari, ya kuma yanka ragon suna in an haihu. Ka ga ashe ba bauta 'ya'ya ke yi a banza ba. Suna ba da ƙarfinsu, ana ɗauke musu wahalar duniya. Wannan shi ne ginshiƙin da al'adun gidan duka suka rataya a kansa.

Ni kaina na riski wutsiyar abin a gidan kakana, wajen ƙarshen shekarun 1980. Ina iya tunawa da safe yakan buɗe rumbu da kansa, a ciro dami a ba wadda ke da girki, ba kuma mai hawa rumbun nan in ba da izninsa ba. Akwai wani rumbun ma da ba a taɓa shi sai damina ta yi tsakiya, lokacin da hatsi ya yi tsada a kasuwa, shi ne rumbun tsimi. Bayan sallar magariba sai a fito da akusa zaure, na manya daban, na samari daban, namu na yara daban. Ƙaramin cikinmu shi ke riƙe bakin akushi da hannun hagu don kada ya yi ta juyawa. In an ci sa'a akwai nama, ba ka isa ka kai masa hannu ba sai babba ya raba. Babban kuma shi ke fara tsame hannu ya bar wa ƙanana sauran. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yau za a koyar da ladabi, amma a bakin akushin nan muka koyi haƙuri da sanin na gaba. Maƙwabta su ma sukan fito da nasu kwanukan a haɗa, abin da ake kira ciyayya. Wanda matarsa ta yi tuwon dawa da miyar kuka ya ɗanɗani dambun maƙwabcinsa, wanda kuma gidansa ba a ɗora tukunya ba ran nan ya ci ya ƙoshi ba wanda ya sani. Baƙo ko almajiri bai kwana da yunwa. Wannan rufin asiri na ciyayya, a ganina, shi ne babban abin da muka yi hasara, ya fi tatsuniya da wasan dandali da ake yawan ambata.

Amma fa Malam, Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In za mu waiwaya, mu waiwaya da gaskiya. Gandun 'yan'uwa bayan mutuwar uba, ko a da can, bai cika daɗewa ba. Akwai wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bi gida gida tana tambayar manoma, ta kuma fitar da littafi a kan abin da ta gani a 1972. Abin da ta tarar shi ne gandun uba da 'ya'yansa ya fi ƙarko, na wa da ƙanne kuwa kaɗan ne, yawanci in uba ya rasu ba a jimawa ake rabuwa. Ta kuma lura cewa uban da ke da wadatar gona da hatsi shi ya fi riƙe 'ya'yansa a gandu, talaka kuwa nasa kan watse da wuri, don ba shi da abin riƙe su. Yau fiye da shekara hamsin ke nan da wannan bincike, lokacin babu wayar hannu, babu babur ɗin haya. Saboda haka abin da ƙannenka ke nema ba su suka fara shi ba. Ka tambayi dattawan garinku yadda Baba ya rabu da nasa 'yan'uwan, mai yiwuwa ka ji labari mai kama da naka.

Wani abin da ba a cika faɗa ba kuma, manyan gandayen da, irin na sarakuna da attajirai, da ƙarfin bayi aka noma su. Sunayen unguwanni kamar Gandun Albasa a Kano, da garuruwan da ake kira Rinji, shaida ce. Wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda aka rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda bayin gidansu ke aikin gandu har azahar sannan su koma gayauninsu. Da Turawa suka zo suka sa doka cewa duk wanda aka haifa daga 1901 ɗa ne, aka kuma soke bautar gaba ɗaya a 1936, sai wannan nau'in gandu ya mutu. Ba na jin akwai mai kukan dawowarsa.

To me ya ƙara saurin rabuwar a zamaninmu? Abu na farko ƙasa ce. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba. A ta 2006 an sami miliyan 140, yanzu kuwa ana ƙiyasin mun haura miliyan 200. Mutane sun ninka kusan sau huɗu, gona kuwa ba ta haihuwa. A da in gida ya cika, sai mai gandu ya je wurin dagaci a nuna masa daji ya sare, ko a bar wata gonar ta huta ta zama saura shekara uku ko huɗu. Yau ina dajin? Har burtali da makiyaya an nome, abin da ke ta haddasa rigima tsakanin manoma da Fulani. Uban da ba shi da filin da zai yanka wa ɗansa gayauna, da me zai ce masa zauna?

Abu na biyu kuɗi ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan a shekarar da ta biyo, manomi ya fara riƙe kuɗi a hannunsa. Da fari kuɗin gyaɗa da na auduga sun ƙarfafa gandu ne, don da su mai gida ke biyan haraji ya yi wa yara aure. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo ya kashe dabbobi ya bar rumbuna wayam, a 1975 kuma wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa ta tsugunar da ita, dalar gyaɗar Kano ta zama labari. A daidai wannan lokaci ne kuɗin man fetur suka cika birane, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, ana ta gine-gine ana neman leburori. Saurayin da ya tafi cin rani ya dawo da rediyo da keke da agogo, alhali ɗan'uwansa da ya zauna a gandu riga ɗaya ya samu da salla, me kake tsammani zai faru baɗi? Cin rani da ake yi wata uku ko huɗu ya koma shekara, daga baya ya koma zama.

Ga kuma wani dalili da mutane ke mantawa da shi. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, lokacin ƙasarku ta Gumel tana cikin Jihar Kano, Katsina kuma tana cikin Kaduna. Talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya, don an sha wuya a kan haraji, an ɗaure mutane, wasu sun gudu sun bar garuruwansu. Amma ka tuna biyan haraji na cikin manyan abubuwan da ke sa saurayi ya lafe a ƙarƙashin ubansa. Da aka ɗauke shi, igiya ɗaya ta kwance. Makaranta ta kwance wata. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaron da ke bin uba gona da hantsi ya koma aji. Ni malamin makaranta ne kafin in shigo rediyo, ba zan ce wannan hasara ce ba, amma dai gaskiya ce cewa gandu ya rasa hannuwa. Daga baya garmar shanu ta yawaita, maganin feshi na kashe ciyawa ya shigo, aikin da sai mutum goma ke yi a da, yanzu mutum biyu sun gama shi. Gayya ma da ake kira da ganga, a yi noma a sha fura a watse ba ko kwabo, ta koma ƙwadago, kowa na son a biya shi kafin rana ta faɗi. Ba za ka zarge shi ba, shi ma taki zai saya.

Yanzu mu zo kan mata, tunda ka ambace su. Malam, a nan ba zan goyi bayanka ba. Na san akan sami mace mai zuga, kamar yadda akan sami namiji mai son kai. Amma ka dubi aikin da tukunya ɗaya ke ɗora wa mace a gida mai mutum talatin. Ranar girkinta tun asuba take sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke, ta daka ko ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ga ɗebo ruwa a rijiya mai gaba ashirin, ga tuƙa tuwon da sai ta miƙe tsaye da muciya. In miya ta yi daɗi ba a cika yabawa ba, in gishiri ya yi yawa gari ya ji. Injin niƙa da famfon burtsatse sun sauƙaƙa mata, Allah ya saka wa wanda ya ƙago su. Sannan akwai maganar adalci. Wani yana da mace ɗaya da 'ya'ya biyu, wansa yana da mata uku da 'ya'ya goma sha biyar, aiki kuwa daidai suke yi a gona. Lokacin da Baba ke da rai ba mai iya buɗe baki, don rumbun nasa ne, kowa ɗansa ne ko jikansa. Da ya kau, sai lissafin ya fito fili. Matar ƙaninka in ta yi magana, sau da yawa abin da ke cikin mijinta ne ta faɗa, shi kunyarka ce ta hana shi.

Kuma ba kowace al'ada ce da ta ja baya ya kamata a yi wa kuka ba. Ɗauki wankan jego irin na da, inda mai jego ke wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, tana kwana a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, tana shan kunun kanwa kwano kwano. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bincika tun a shekarun 1970, suka gano cewa yawan kanwar nan da zafin na da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama mata bayan haihuwa. A babban gida amarya ba ta isa ta ce wa uwar miji a'a ba a kan wannan. Yau da yawa sun rage, kuma rayuka sun tsira. Haka nan aurar da yarinya ga wanda ba ta taɓa gani ba don kawai manya sun yi alkawari a zaure. Wanda ya ce komai na da alheri ne, to, bai tambayi kakarsa ba.

Abin da ke damuna ni shi ne zaure da ya mutu. Sababbin gidaje yanzu ƙofar ƙarfe ce, daga titi sai tsakar gida, babu inda baƙo zai zauna, babu inda za a fito da kwano. Da dare a da yara na gaban kaka ana gatanan gatananku. Daga 1990, da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano, sai aka koma gidan mai talabijin, wannan ma da sauƙi tunda a tare ake kallo. Da wayar hannu ta shigo a 2001, ta kuma zama mai hoto daga baya, sai kowa ya shige ɗakinsa da tasa. Ita wayar ba na tsine mata, don da ita ɗanka da ke Legas ke turo kuɗin taki cikin minti ɗaya, da ita kake jin farashin riɗi a Maigatari kafin ka ɗaura wa jaki kaya. Sai dai ta sa mutum ya san halin da na Saudiyya ke ciki bai san maƙwabcinsa ya kwana da zazzaɓi ba.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko kana da ikon hana rabo. A'a, ba ka da shi. Daga ranar da Baba ya cika, dukiyarsa ta zama ta magada, bayan an yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa in ya bari. Girman da kake da shi na shekaru ne, bai ƙara maka ko taƙi ɗaya a gona ba. Bari in ba ka misali da lissafi, mu ƙaddara gonakin eka 16 ne, kuma iyayen Baba ba sa raye. Matansa biyu za su raba kashi ɗaya cikin takwas, watau tumuni, eka biyu ke nan, kowace ɗaya. Saura eka 14. Namiji na ɗaukar rabon mata biyu, saboda haka ku maza biyar kowa eka biyu, ƙannenku mata huɗu kowace eka ɗaya. Wannan misali ne kawai, ainihin rabo sai malamai masana gado ko alƙali. Na kawo shi ne don abu biyu. Na farko, a wasiƙarka ka yi ta maganar ƙannenka maza, ba ka ce komai a kan matan ba, alhali eka shida cikin sha shidan nan na mata ne. A gandaye da yawa na da, haƙƙin mata a gona haka yake narkewa a hannun 'yan'uwansu maza, a ce ai ana ba su dami da kaka. In ta yarda da haka don kanta, madalla. In ba a tambaye ta ba, cin haƙƙi ne komai daɗewarsa. Na biyu, ka ga da idonka dalilin ƙaninka mai son babur. Eka biyu a ƙasar yashi, ga iyali, ga tsadar taki, ba lallai ta kai shi wata shida ba.

Shawarata ita ce ka kira rabon da bakinka tun kafin a kai ka ƙara. Wan da ya ce a zo a raba ya fi wanda sammaci ya fito da shi daraja a idon ƙannensa. A kira malami da mai unguwa da dattawa biyu ko uku, a auna, a kafa iyaka, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa, har da matan. Bayan kowa ya san nasa, sai ka kawo maganar haɗin gwiwa. Raba gona daban, raba aiki daban. Kuna iya riƙe shanun noma guda ku riƙa zagayawa gonar kowa, ku haɗa kuɗi ku sayi taki a buhu maimakon a mudu, ku sayar da amfani a tare don kada dillali ya same ku ɗai-ɗai. Na ga gidajen da suka yi haka, kuma sun fi zaman lafiya a kan lokacin da ake gandu ana ƙunƙuni.

Shi kuma mai son sayarwa, kada ka yi masa baki. Ka zaunar da shi ka nuna masa cewa babur na tsufa, ana kuma iya hana haya da shi a gari dare ɗaya, kamar yadda aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013, gona kuwa tana nan. Ka ba shi shawarar ya ba da ita haya ko jingina a cikin gida na shekara biyu ko uku, ya gwada birnin tukuna. In ya nace sai ya sayar, to ku 'yan'uwansa ku fara tayawa, ku biya shi farashin da bare zai biya, kada ku ce don ɗan'uwa ne a karya masa.

Batun tukunya kuwa, ka bar mata da murahunsu, kada ka tilasta. Amma kwano naka ne. Gobe bayan magariba ka sa a fito maka da tuwonka ƙofar gida, ka shimfiɗa tabarma, ka aika yaro ya kira ƙannenka da 'ya'yansu, ko da mutum ɗaya ne ya amsa ran farko. Iyayenku mata biyu kuma a zauna a yanke wanda zai riƙa kai musu awo da kuɗin magani kowane wata, a faɗa a gaban shaidun nan, don irin wannan rabo tsofaffi ne kan faɗa tsakani, kowa na cewa ai wane zai yi.

Muna jiran ka sake rubuto mana yadda kuka ƙare. Wasiƙar da ke biye ta wata baiwar Allah ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli daga ƙasar Kazaure, tana tambaya a kan tsadar lefe da kayan ɗaki. Ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.